Sabara Da Marke Sun Shiga Littafi, Amma Wane Irin Shiga?

A Dandamisa da sauran ƙauyukan Makarfi, Ikara da Kudan, ba a rasa dattijon da zai nuna wa mutum sabara ko marke ko maɗaci, ya kuma faɗi ciwon da kowanne ke yi wa magani. Wahalar tana tasowa ne sa'ad da aka zo mayar da wannan sani cikin littafin da Bajamushe ko mutumin Sin zai karanta ya gane.

Aikin ba sabo ba ne. Dokta J. M. Dalziel, likitan gwamnatin mulkin mallaka wanda ya taɓa aikin asibiti a ƙasar Sin, ya wallafa littafin sunayen tsirrai na Hausa a 1916, inda ya haɗa kowane suna da takwaransa na Latin. A 1937 ya fitar da babban littafinsa kan tsirrai masu amfani na Afirka ta Yamma, wanda H. M. Burkill na lambun Kew a Ingila ya faɗaɗa zuwa juzu'i 6 tsakanin 1985 da 2004.

To, amma suna kaɗai yana iya yaudara. Itace guda ne wani ke kira darbejiya, wani dogon yaro, wani bedi. Saboda haka ne masana a Jami'ar Ahmadu Bello, Zariya, ke busar da ganye da fure su manna a takarda su ba su lamba, domin hoto da samfuri su raba gardama.

Sunayen cututtuka sun fi haka wuya. Kalmar sanyi tana ɗaukar ciwon gaɓoɓi, tana kuma ɗaukar ciwon da ake samu ta saduwa. Mai fassarar da ya zaɓi ma'ana ɗaya ya bar ɗaya ya ɓatar da mai bincike, wataƙila ma ya cutar da majinyaci. Haka batun awo: cikin tafin hannun mai magani ba ma'auni ba ne da mutumin waje zai iya bi.

Al'ummar Zhuang ta yankin Guangxi a Sin ma da baki ta gaji yawancin iliminta na magani. Hukuma ta sa aka bi masu maganin aka rubuta, har aka buɗe babban asibiti na wannan fanni a birnin Nanning a 2018. A nan kuwa littattafan Dalziel da Burkill duk da Turanci suke, mai maganin Dandamisa bai da hanyar duba ko abin da aka rubuta game da sabara daidai ne.