Kafin ka sayi sabuwar katifa, ɗaga tsohuwar ka duba katakon gado

A gidaje da dama, katifar da aka kai wa amarya cikin kayan ɗaki ita ake kwana a kai har 'ya'ya su shiga sakandare. Ana sauya zanin gado, ana sauya labule, amma katifa sai dai a juya ta. Idan aka wayi gari da ciwon baya kuwa, sai a ce gajiya ce ko sanyi.

Shawarar da aka fi bayarwa ita ce a sauya katifa bayan shekara 7 zuwa 10. Ta soso mai araha kan mutu kafin nan, domin nauyin jiki da gumi da zafi na sa soson ya saki, ya daina dawowa idan an tashi.

Ga gwaji mai sauƙi: cire zanin gado, ka gicciya miƙaƙƙiyar sanda a kan katifar. Idan ramin da ke ƙarƙashin sandar ya kai kusan santimita 4, katifar ta gaji. Haka ma idan kana tashi da ciwon baya ko wuya da ke sauka bayan ka ɗan motsa, ko kuma ka fi jin daɗin barci a wani wuri fiye da gadonka. Warin danshi da ya ƙi fita bayan an shanya ta a rana shi ma alama ce.

Sai dai ba kullum ne laifin yake ga katifa ba. Sauke ta ƙasa ka kwana ɗaya ko biyu. Idan ramin ya ɓace, katakon gado ne ya lotsa. Duba ko wani ya karye, ko gara ta ci shi, ko ƙusa ta saki. Tazarar da ke tsakanin katakan kada ta wuce santimita 7, kuma babban gado na buƙatar ƙafa a tsakiya.

Kafinta zai gyara wannan da kuɗin da bai kai na katifa ba. Wanda kuwa ya ɗora sabuwa a kan lotsattsen katako, ba zai jima ba ramin zai dawo masa a wurin da ya baro shi.