AWON GUDUN JINI GA YARO MAI AMOSANIN JINI

Uwargida, in ɗanki yana da amosanin jini, watau sikila, tsaya ki karanta wannan, ko ki sa a karanta miki.

Kin san yadda ruwa kan ƙara gudu in ya iso inda kwata ta tsuke. Haka jini yake. Sikila takan tsuke jijiyoyin da ke kai jini ƙwaƙwalwa, sai jinin ya riƙa wucewa da gudu fiye da kima. Yaro na wasansa, ba ya kukan komai, alhali shanyewar ɓarin jiki tana tafe. Don haka muke auna gudun tun da wuri.

Awon farko ba wuya. 'Yar na'ura ce irin ta hoton ciki, a ɗora a gefen kansa kusa da kunne. Sau ɗaya a shekara, daga shekara 2 zuwa 16. In gudun ya kai santimita 200 a sakan ɗaya, akwai haɗari, likita zai sa shi kan ƙarin jini ko maganin haidiroksiyuriya. A 1998 binciken da aka yi a Amurka ya nuna ƙarin jini a kai a kai yana rage shanyewar da wajen kashi 90 cikin 100.

Wani lokaci a tura ki babban asibiti a yi masa MRI. Ƙaton maganaɗisu ne mai rami a tsakiya, yaro ya kwanta ciki. Ruwan jiki yana amsa maganaɗisun, amma amsar jini mai tafiya dabam take da ta naman da ke zaune wuri ɗaya. Da wannan bambanci na'urar ke iya lissafa gudun jini, ta nuna inda jijiya ta tsuke, har da tabon da ƙwaƙwalwa ta riga ta samu ba a sani ba.

Ba yanka, ba zafi. Sai dai ƙara kamar a maƙera, za a toshe masa kunne. Yakan ɗauki rabin awa zuwa awa guda, kuma lalle ya kwanta shiru. Ƙaramin yaro akan ba shi maganin barci, saboda haka ki tambayi malamar asibiti lokacin da za ki daina ba shi abinci.

Maganaɗisun na fizgar ƙarfe. A cire 'yan kunne, awarwaro, fil, makulli da waya, naki da nasa. Laya ma a cire, wata da ƙarfe a ciki, ba mai taɓa miki ita. In an taɓa sa masa ƙarfe a jiki wajen aiki, ko ke kina da ciki, ki faɗa kafin ku shiga.

In kuwa kika ga bakinsa ya karkace, ko hannu ya saki, ko magana ta sarƙe, kada ki jira ranar awo. Kawo shi asibiti nan take, ko da tsakar dare ne.