Yawan Gyangyaɗi da Rana: Lalaci Ne ko Ciwo?

A ƙasar Talata Mafara da Bakura da Maradun, aiki ba ya ƙarewa. Da damina ta wuce, sai noman rani da ruwan madatsar Bakolori. Saboda haka ba abin mamaki ba ne a ga mutum yana gyangyaɗi, wato angaje, a gindin itace. Ƙailula bayan azahar ba laifi ba ce. Amma idan barci yana sace mutum kullum, yana cikin hira ko cin abinci ko tuƙi, to, kada a yi saurin ce masa malalaci. Wataƙila ciwo ne.

Yadda za a gane

A sa ido har mako guda, a amsa waɗannan tambayoyi:

1. Awa nawa yake barci da dare? Babban mutum yana bukatar awa 7 zuwa 8. Ɗan firamare kuwa awa 9 zuwa 12. Mai kwana wajen ban ruwa ko gadi ko doguwar hira, bashin barci ne jikinsa ke biya da rana. Goro da shayi da dare ma suna korar barci.

2. Yana minshari mai ƙarfi? A tambayi wanda suke kwana ɗaki ɗaya. Wani yakan yi minshari, sai numfashinsa ya ɗauke na ɗan lokaci, sannan ya zabura kamar an shaƙe shi. Maƙogwaronsa ne ke toshewa. Yakan faru sau da yawa a dare ɗaya, shi bai sani ba. Da safe ya tashi da ciwon kai da gajiya. An fi samun wannan ga masu ƙiba, kuma yana jawo hawan jini.

3. Jininsa ya ragu? A duba cikin fatar ido da tafin hannu. Idan sun yi fari fat, alamar ƙarancin jini ce. Zazzaɓin cizon sauro yana kawo haka. Tsargiya ma haka, wadda ake ɗauka wajen wanka ko aiki cikin ruwan kwance. Mata masu ciki suna yawan shiga wannan hali.

4. Yana yawan jin ƙishirwa da tashi fitsari da dare? A gwada shi ciwon suga.

5. Wane magani yake sha? Wasu magungunan mura da tari suna sa barci. Haka ma ƙwayoyin da samari ke sha don ƙarfin aiki.

Ciwon barci fa?

Dattawa suna tuna ciwon barci, wanda ƙudan tsando ke kawowa. Ya yi ɓarna ƙwarai a ƙasar Zazzau, har a ƙarshen shekarun 1930 aka gina sabon gari mai suna Takalafiya kusa da Ancau, don a raba mutane da ƙudan. Yanzu da wuya a same shi a Nijeriya. Amma wanda ya dawo daga kurmi da zazzaɓi da kaluluwa a bayan wuya, ya gaya wa likita inda ya je.

Inda ba a jira

Yaro mai zazzaɓi da aka kasa tashinsa daga barci, ko wuyansa ya sanƙare, ko yana jijjiga, a kai shi asibiti nan take, ko da tsakar dare ne. Direba ko ɗan acaɓa mai gyangyaɗi a kan hanyar Gusau zuwa Sakkwato ya tsaya ya yi barci. Goro ba zai tsare masa ran fasinja ba.

Idan mutum ya sami isasshen barci har mako biyu amma gyangyaɗin bai daina ba, ya je asibiti mafi kusa, kamar babban asibitin Talata Mafara. Ya tafi da wanda ya san yadda yake kwana, domin mai barci ba ya jin minsharinsa. Allah Ya ƙara lafiya, amin.