Sanyin Kan Dutse da Ƙishirwar da Ba a Ji

Garin Jos yana zaune a kan tudu mai tsayin kusan mita 1,200 daga doron teku, ƙololuwar duwatsun Shere da ke gabas da shi kuwa ta kai kimanin mita 1,829. Abokai biyu da suka fita da sassafe a watan Fabrairu don su hau su sauko a yini guda, abin da za su fara yabawa shi ne iska. Duk mita dubu da mutum ya hau, zafi yakan ragu da kimanin digiri 6.5, domin iska idan ta yi sama nauyin da ke danne ta yana raguwa, sai ta baje ta huce. Shi ya sa mutumin Kano ko Sakkwato yake neman rigar sanyi a Filato alhali a gida ana fifita.

Wannan sanyin ne ke yaudarar mai hawa. Tsokar da ke ɗaga mutum daga dutse zuwa dutse tana haifar da zafi mai yawa, kuma babbar hanyar fitar da shi ita ce gumi. Gumin ba ya sanyaya jiki sai ya bushe, kamar yadda tulu ke sanyaya ruwa ta danshin da ke tsattsafowa ta jikinsa iska tana kwashewa. Da damina iska cike take da laima, gumi yana tsayawa a fata, riga ta jiƙe sharkaf, mutum ya gani da idonsa ya nemi ruwa. Da rani kuwa, musamman in iskar hunturu na kaɗawa, laimar takan sauka ƙasa da kashi 20 cikin ɗari, gumi ya bushe tun ba a gan shi ba. Riga a bushe, goshi a bushe, amma mai hawa da ƙarfi yana iya zubar da lita guda a awa, ban da abin da ke fita ta numfashi. Sau da yawa shaidar da ke saura ita ce farin gishiri a wuyan riga.

Ba sai an rasa ruwa mai yawa ba. Da zarar abin da ya fita ya kai kashi 2 cikin ɗari na nauyin jiki, wato lita ɗaya da ɗoriya ga mai kilo 60, ƙarfi ya fara raguwa, kai ya fara sarawa. Rana ma ta fi cizo a sama, don hasken da ke ƙona fata yana ƙaruwa da kimanin kashi 10 cikin ɗari a duk mita dubu.

A ganina, a nan ne abokin tafiya ya wuce abokin hira kawai. Idan zafin jiki ya haura digiri 40, ƙwaƙwalwa ce ke fara rikicewa, ita da ya kamata ta ce a tsaya. Mutum zai fara tangaɗi, ya yi fushi ba dalili, ya maimaita magana, kuma ya dage cewa lafiyarsa ƙalau. Shi ba zai gane ba, na kusa da shi ne zai gane. A watan Yunin 2024 likitan nan ɗan Ingila mai gabatar da shirye-shirye a BBC, Michael Mosley, ya bar iyalinsa a bakin teku a tsibirin Simi na ƙasar Girka, ya kama hanyar duwatsu shi kaɗai da tsakar rana, ba waya a hannunsa, zafi ya doshi digiri 40. Sai bayan kwana huɗu aka ga gawarsa, kuma bugun zafi na cikin abubuwan da bincike ya fi zargi. Mutum ne da ya san jikin ɗan Adam ciki da bai, ya shekara 67, amma ba wanda zai dube shi ya ce, “Zauna, ba ka da lafiya.”

In abokinka ya nuna waɗannan alamu, kai shi inuwa, sassauta masa tufa, jiƙa shi da ruwa, ka yi ta fifita, ka kira taimako. In yana cikin hayyacinsa ya riƙa kurɓar ruwan gishiri da sukari: ƙaramin cokali shida na sukari da rabin ƙaramin cokali na gishiri a lita guda. In ya suma, kada a ɗura masa komai a baki. Kwankwaɗar tsurar ruwa babu ƙaƙƙautawa shi ma yana da haɗari, domin yana tsinka gishirin jini, saboda haka a riƙe gyaɗa, dabino ko ƙuli-ƙuli.

Sauran kuwa lissafin lokaci ne. A tashi bayan sallar asuba, a kuma yanke tun a ƙasa cewa in ruwa ya kai rabi za a juya, ko an kai ƙololuwa ko ba a kai ba. Saukowa ta fi hawa haɗari: gwiwa ta gaji, ga tsakuwa busasshiya tana zamewa a kan fa. Ciyawar rani kuma ba ta da wasa, guntun taba ko wutar mafarauta ya isa ya tada gobara, ga shi wuta ta fi gudu in tana hawa tudu, don haka wanda ya hango hayaƙi a ƙasansa ya kauce gefe zuwa fili mara ciyawa. A shekarun nan azumi yana faɗowa cikin rani, kuma ban ga dalilin da zai sa mai azumi ya ɗauki irin wannan tafiya ba, ya bari sai bayan salla. Kafin a fita a shaida wa na gida hanyar da za a bi da lokacin dawowa, sannan a nemi ɗan jagora daga ƙauyukan gindin dutsen, domin akwai kwazazzaban da waya ba ta kamawa.