Riga ɗaya, atamfa goma: yadda ake sauya adon tufafi a cikin hoto

Duk mai bibiyar ƴan kasuwar atamfa a Facebook ko WhatsApp ya taɓa cin karo da irin waɗannan hotuna: mace ɗaya, tsayuwa ɗaya, amma a hoton farko rigarta shuɗiya ce mai ganye, a na biyu ja mai zobba, a na uku ruwan ƙwai. Sau ɗaya aka ɗauke ta, sauran aikin a kan kwamfuta aka yi shi.

Inda dabarar ta fi amfani shi ne wajen fitar da anko. Biki na Maraɗi ko Damagaram, amma yayan amarya da zai biya kuɗin yana Abijan ko Faransa. A tura masa hotuna ya zaɓa, ya aiko da kuɗi ta Nita ko Al Izza. Ba telan da zai yanka atamfa kala biyar don gwaji kawai, shi ya sa ake nuna masa ɗinki ɗaya sanye da kowace kala.

Aikin ba shi da wuyar ganewa. A Photoshop, ko GIMP da ake samu kyauta, ko Photopea da ke buɗewa kai tsaye a intanet, mai gyara yakan fara zagaye rigar ya ware ta daga fata da bango. Sai ya ɗauki hoton atamfar a shimfiɗe, ya ɗora a kan wurin da ya ware. A nan rigar takan yi kama da takardar da aka manna wa mutum. Don haka sai ya lanƙwasa adon ya bi kafaɗa da ƙugu, sannan ya kunna zaɓin da ake kira Multiply, wanda ke barin inuwa da ninkin tsohuwar rigar su bayyana ta cikin sabon adon. Wannan ne dalilin da ya sa gwanaye suka fi son hoton farar riga: inuwarta a fili take, kuma ba tsohon adon da zai leƙo.

Matsalar tana farawa ne daga girman ado. Turmin atamfa yadi 6 ne, faɗinsa kusan santimita 120, kuma wani furen ya fi tafin hannu biyu girma. A kwamfuta ana iya ƙanƙantar da shi ya jeru reras a ƙirji. Ranar da tela ya sa almakashi, rabin fure ne zai faɗo a hannun riga, ɗaya rabin ya ɓace a ɗinki. Kala ma haka: jan da allon waya ya haska ba lallai ba ne ya zama jan da za a gani da rana a kasuwa.

Shadda kuwa ta fi ƙarfin wannan dabara. Darajar Getzner ta ƙasar Ostiriya tana cikin sheƙinta da tsayuwarta a jiki, kuma duk sheƙin da aka gani a hoton da aka gyara na tsohuwar rigar ne. Hoto ba ya kuma bambanta Holan ta kamfanin Vlisco, wadda rininta ya ratsa gaba da baya, da kwaikwayon da aka buga wa ado a fuska ɗaya. Nan ne mai neman cuta yake samun ƙofa, ya karɓi kuɗin mai tsada ya kawo mai araha.

Tun 2023 da Photoshop ya shigo da ƙirƙirarriyar basira, rubutu kaɗan ya isa a sauya riga. Sai dai manhajar takan ƙago adon da ba masaƙar da ta taɓa bugawa, amarya ta ƙallafa rai a kansa, a zagaye kasuwa a rasa.

Hoton da aka gyara yana da kyau wajen zaɓen salon ɗinki da haɗin kala, kuma ɗan kasuwa mai gaskiya yakan faɗi cewa gyararre ne. Kafin kuɗi su bar hannu, wanda ke nesa zai iya neman bidiyon turmin kansa: a warware shi a hasken rana, a ɗora hannu a kan furen don a ga girmansa, a juya bayan yadin, a kuma nuna bakinsa inda ake buga sunan kamfani da lambar ado.