Ƙuri'ar Jin Ra'ayi Bayan Kasafin Kuɗi: Su Wa Aka Tambaya?

Duk ranar da shugaban ƙasa ko gwamna ya je majalisa ya karanta kasafin kuɗi, kafin gari ya waye alƙaluma sun cika Facebook da WhatsApp. Wannan shafi ya ce kashi kaza cikin ɗari na jama'a sun gamsu da mai girma gwamna, wancan ya ce farin jinin shugaban ƙasa ya zube warwas. In ka bi diddigi, sau da yawa za ka tarar wani ne kawai ya ɗora hoton shugaban a shafinsa, ya ce wanda ya gamsu ya danna alamar so, wanda bai gamsu ba ya rubuta a ƙasa. Washegari a ƙirga, a zana da launin kore da ja, a raɗa masa suna ƙuri'ar jin ra'ayin jama'a, sojojin baka kuma su kwashe su kai rediyo. Abin da ya fi ban haushi shi ne masu yaɗa wannan shirme ba jahilai ba ne. Malamin makaranta ne, ma'aikacin banki ne, ɗalibin jami'a ne da ya ci jarrabawar lissafi. Duk ba su tsayawa su yi tambaya guda ɗaya da ta kamata, wato su wa aka tambaya?

Wanda ya amsa a irin wannan shafi mutum ne mai babbar waya, mai kuɗin data, wanda ya iya karatu, kuma tun farko yana bin mai shafin saboda ra'ayinsu ya zo ɗaya. A cikinsu akwai mai shafi biyar da sunaye biyar, akwai wanda ake tura wa kati duk wata domin wannan aikin. Manomin da takin zamani ya gagara ba ya ciki. Matar auren da waya ɗaya ce a gidan, tana kuma aljihun maigida, ba ta ciki. Tsohon ma'aikacin da ke jiran fansho ba ya ciki. Su kuwa kasafin ya fi shafa. Za a ce ai mutum dubu hamsin ne suka danna, yawan ma hujja ce. Yawa ba ya gyara wannan ɓarna ko kaɗan. A 1936 mujallar Literary Digest ta Amurka ta aika takardun tambaya wajen miliyan 10, mutum fiye da miliyan 2 suka maido da amsa, ta shelanta cewa Alf Landon zai kayar da Shugaba Franklin Roosevelt. Da aka yi zaɓe Roosevelt ya lashe jihohi 46 cikin 48. Mujallar ta samo yawancin sunayen ne daga jerin masu tarho da masu mota da masu sayen mujallar, a lokacin da talauci ya yi wa Amurka katutu, sa'annan waɗanda suka damu su maido da takardar sun fi yawa cikin masu jin haushin Roosevelt. Mai binciken ra'ayi George Gallup, da mutanen da ba su kai kashi ɗaya cikin goma na wannan adadi ba, ya faɗi wanda zai ci daidai.

Ba sai an je nesa haka ba. A watan Satumba na 2022 kafar labarai ta Bloomberg ta wallafa wani bincike da kamfanin Premise ya yi ta manhajar waya, inda Peter Obi ya samu kashi 72 cikin ɗari a tsakanin waɗanda suka ce sun riga sun yanke shawara. A zaɓen Fabrairun 2023 hukumar zaɓe ta ba Bola Tinubu ƙuri'a wajen miliyan 8.8, Atiku Abubakar kusan miliyan 7, Obi miliyan 6.1. Mutum yana iya ja da wannan sakamako, an ma je kotu a kansa, amma ko magoya bayan Obi ba su ce ya ci kashi 72 ba. Binciken ya auna ra'ayin masu wayar zamani ne, aka karanta shi a matsayin ra'ayin ƙasa. To idan kamfanin da ya san aikinsa ya iya kauce wa hanya haka, ina ga ƙirgen da wani ya yi a shafinsa yana kwance a ɗaki?

Sai maganar lokaci, wadda ta fi shafar kasafin kuɗi musamman. Mutumin da aka tambaya a daren da aka gabatar da kasafi, a kan me yake ba da amsa? Bai ga kundin ba. Abin da ya ji shi ne jawabi, da sunan da aka laƙaba wa kasafin, da tafin 'yan majalisa. Kuma abin da aka karanta a ranar ba shi ne zai zama doka ba. Kasafin 2024 Tinubu ya kai shi majalisa a kan naira tiriliyan 27.5, ya fito a 28.7, kafin shekara ta ƙare aka ƙara masa fiye da tiriliyan 6. A kansa ne Sanata Abdul Ningi ya yi zargin cushe a wata hira da sashen Hausa na BBC, har majalisar dattawa ta dakatar da shi. Na 2025 ya shiga a 49.7, ya fito a 54.99. Bayan sa hannu kuma akwai sakin kuɗi, wanda shi ne gaskiyar magana: ɓangaren manyan ayyuka na kasafin 2024 sai da aka yi ta tsawaita wa'adinsa har cikin 2025, saboda ba a gama aiwatar da shi ba. Saboda haka ko da an yi bincike na gaskiya a wannan dare, abin da zai nuna shi ne ko jawabin ya yi wa mutane daɗi, ko kuma ra'ayin da suke da shi tun jiya. Ɗan jam'iyya zai ce ya yi, ɗan adawa zai ce bai yi ba, dukansu ba su san nawa aka ware wa asibitin garinsu ba.

Wani zai ce ashe ke nan duk abin ƙarya ce, a watsar. Wannan ma ragon tunani ne, kuma shi ne wanda masu mulki suka fi so, domin duk ranar da alƙaluma suka juya musu baya sai su ce aikin 'yan adawa ne. Abin da ya faru a Birtaniya ya isa amsa. Ranar 23 ga Satumba 2022 ministan kuɗi Kwasi Kwarteng ya gabatar da ƙwarya-ƙwaryar kasafi na gwamnatin Liz Truss, ya zabtare haraji na kusan fam biliyan 45 ba tare da ya faɗi inda za a cike gurbin ba. Cikin kwana uku darajar fam ta faɗi zuwa matakin da ba ta taɓa kaiwa ba a gaban dala. Bankuna suka janye ɗaruruwan tsare-tsarensu na bashin sayen gida, kuɗin ruwa ya tashi, har Babban Bankin Ingila ya shigo da sauri ranar 28 ga wata don ceto asusun 'yan fansho. Kamfanin binciken ra'ayi na YouGov ya nuna jam'iyyar adawa ta Labour ta ba Conservative mai mulki ratar maki 17, bayan 'yan kwanaki ya sake fitar da wani, Labour na da 54, Conservative 21, ratar 33 ke nan. An sallami Kwarteng ranar 14 ga Oktoba, Truss ta sanar da murabus ranar 20.

Me ya sa aka yarda da waɗannan alƙaluma har 'yan majalisar jam'iyyarta suka tsorata? Kamfanonin suna yin tambaya iri ɗaya mako bayan mako, saboda haka akwai na baya da za a gwada da shi. Suna wallafa yawan mutanen da suka tambaya, da ranakun, da ainihin kalmomin tambayar. Kamfanoni da dama da ba su haɗa komai ba duk sun nuna abu ya karkata waje guda. Mutanen kuma sun riga sun ji zafin kasafin a aljihunsu kafin a tambaye su. Duk da haka a lura, a makon da YouGov ya ce 33, wasu kamfanonin kusan 20 suka samu. Jaridu sun ɗauki 33 ne saboda shi ya fi jan ido. Ko a can ɗin, mai hankali ba ya rataya a kan bincike ɗaya.

Akwai kuma masu cewa yaya za a yi mutum dubu su wakilci miliyan ɗari biyu, su ba a taɓa tambayarsu ba. Mai sayen hatsi a Dawanau ba ya zazzage buhu ya duba kowace ƙwaya. Yana ɗiba daga baki, daga tsakiya, daga gindi, ya san abin da ke ciki. Wanda ya tsaya kan na bakin buhu shi ake cuta. Idan an zaɓo mutum dubu ta hanyar da kowa yake da damar shiga, birni da ƙauye, maza da mata, masu boko da marasa shi, kuskuren ba ya cika wuce maki uku sama ko ƙasa. Haka cibiyar bincike ta Afrobarometer ke aiki a Najeriya da Nijar da Ghana da sauran ƙasashe: ma'aikata su bi gida gida, su tambayi mutum ido da ido cikin harshen da ya zaɓa, maza da mata daidai wa daida, mutum 1,200 zuwa 2,400 a kowace ƙasa. Irin wannan aiki yana cin makonni da kuɗi masu yawa, don haka duk wanda ya kawo maka sakamakon ƙasa baki ɗaya awa goma sha biyu bayan jawabi, ka san ba gida gida ya bi ba. Maki ukun nan kuwa a riƙe su da kyau. Idan an ce farin jinin gwamna ya sauka daga 48 zuwa 46, ba a faɗi komai ba, yana iya yiwuwa babu abin da ya motsa. Amma kullum sai ka ga an buga kanun labari a kan maki biyu, ana ta zage-zage a ƙasa.

Kalmomin tambaya ma suna sarrafa amsa. Wanda aka tambaya ko yana goyon bayan kasafin da zai gina hanyoyi da makarantu zai ce e, shi ɗin dai in aka tambaye shi ko yana goyon bayan kasafin da zai ƙara wa ƙasa bashi zai ce a'a, alhali kasafin guda ne. Ga kuma tsoro. Baƙuwar lamba ta kira ma'aikacin gwamnatin jiha ana tambayarsa ko ya gamsu da gwamna, me kake jin zai ce? Shi ya sa sanin wanda ya biya kuɗin binciken yake da muhimmanci, domin shi ke zaɓar tambaya, shi kuma ke yanke ko za a fitar da sakamako ko a jefa shi a durowa.

Saboda haka kafin yatsanka ya danna tura, nemi sunan wanda ya yi binciken, ka duba ko yana da ofishi da aikin da ya taɓa yi a baya. Nemi adadin mutanen, da jihohin da suke, da yadda aka same su. Idan su ne suka kawo kansu, kamar masu danna so ko masu bugo waya a shirin rediyo, wannan hira ce, kada ka kira ta bincike. Duba kwanan wata, domin tsofaffin alƙaluma na dawowa duk shekara da sabon hoto. Duba ko an faɗi yawan waɗanda suka ce ba su sani ba ko suka ƙi amsawa, don a nan ake yawan ɓoye rabin labari. Masu kula da zaurukan WhatsApp na unguwa da na tsofaffin ɗalibai su ne suka fi kowa alhaki, su riƙa goge duk wanda ya zo babu waɗannan bayanai, ko da yabon gwaninsu yake yi. Wanda kuma yake son sanin ko kasafi ya yi aiki, Ofishin Kasafin Kuɗi na Tarayya yana fitar da rahoton aiwatarwa na kowane wata uku, ko da yake yakan makara, ƙungiyar BudgIT ma tana bin sawun ayyukan mazaɓu ta shirinta na Tracka. A nan ne zai ga ko rijiyar burtsatsen da aka rubuta wa ƙauyensu an saki kuɗinta.