Gizo Ma Zai Iya Koya Wa Yara Waƙa

A yawancin makarantunmu, yaro ba ya gamuwa da rubutacciyar waƙa sai a sakandare, inda za a ɗora masa Imfiraji ta Aliyu Namangi ko waƙoƙin Sa'adu Zungur, a ce ya fito da jigo da salo saboda jarrabawa. Shi ya sa da yawa ke tashi da tunanin waƙa sai manyan malamai. Alhali tun daga firamare akwai hanya mai sauƙi, ita ce tatsuniya.

Duk mai rubuta waƙa yana fama da abu biyu, abin da zai faɗa da yadda zai tsara shi. Tatsuniya ta ɗauke wa yaro na farkon. Ya san yadda Gizo ya haɗa giwa da dorina jan igiya, kowacce na zaton da Gizo take ja, saura kawai ya zuba labarin a baiti. Malami sai ya ce su kawo kalmomi masu ƙarewa da "wa", nan take za ka ji giwa, ruwa, yunwa, tsawa, amsa-amo ya samu ke nan. Daga nan su gina ƙwar biyu, suna rerawa suna tafi. Tafin nan ba wasa ba ne, domin karin waƙar Hausa ya dogara ga tsawon gaɓa da gajartarta, rubutun boko kuwa ba ya nuna tsawon wasali, don haka kunne ne alƙali. Da ma tatsuniyoyi da dama ɗauke suke da 'yan waƙoƙi masu amshi.

Wasu za su ce tatsuniya ƙarya ce, bai kamata a ɓata lokacin aji a kanta ba. To ai yara sun san Gizo ba gaske ba ne, kuma sau da yawa wayonsa kansa yake komawa. Ƙorafin da ya fi ƙarfi shi ne yaran yanzu, musamman na birni, waya da talabijin sun raba su da hirar dare. Gaskiya ne, amma tatsuniyoyin suna nan a rubuce: Frank Edgar ya fara buga tarinsa a 1911, Ibrahim Yaro Yahaya kuma ya fitar da Tatsuniyoyi da Wasanni domin 'yan makaranta. Malamin Hausa ya karanta musu ɗaya, ya bar su su rera ta kafin ya kawo musu maganar aruli, wato ilimin karin waƙa.